Ciwon Gaɓoɓi a Jikin Masu Raunin Garkuwa na Gado: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Akwai yaran da iyayensu suka san hanyar asibiti tun kafin a yaye su. Kunne ya yi ta zubar da mugunya, a yi magani ya lafa. Bayan wata biyu ƙirji ya kama, a kwanta a sha allurai. Kafin a huta sai gudawa. Ana cikin haka, wata rana yaron ya wayi gari yana ɗingishi, gwiwa ɗaya ta kumbura. Iyaye da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, sukan ɗauki gwiwar nan a matsayin wata sabuwar lalura daban. A ce sanyi ne, ko a ce faɗuwa ya yi wajen wasa, ko a tura shi gwajin sikila. Amma a jikin wasu yara ƙalilan, da kunnen da ƙirjin da gwiwar duk tushensu ɗaya: an haife su da giɓi a garkuwar jiki. Idan aka yi ta jinyar gwiwa ita kaɗai ba a gano giɓin ba, gaɓar na iya lalacewa, huhu ma ya bi baya.

Mene ne raunin garkuwa na gado?

Garkuwar jiki ita ce tsarin da ke kare ku daga ƙwayoyin cuta. Ba a wuri ɗaya take ba. Ta haɗa da fararen ƙwayoyin jini da ake ƙerawa a cikin ɓargo, da saifa, da kaluluwa, da wasu sinadarai da ke yawo a cikin jini. Mafi muhimmanci a zancenmu shi ne sinadarin da ake kira antibodi, wanda likitoci kuma ke ce wa imunogulobulin. Aikinsa ya maƙale wa ƙwayar cuta, ya sa mata alama domin sauran garkuwa su hallaka ta. Wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira ƙwayoyin B, su ke samar da shi.

Idan aka haifi mutum da kuskure a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado da ke tsara wannan aiki, sai wani ɓangare na garkuwar ya zo a raunane ko ma babu shi sam. Masana sun lissafa ire-iren wannan lalura sama da 450, yawancinsu ba kasafai ake ganinsu ba.

Wataƙila kun riga kun fara tunanin ƙanjamau. Ba ita ba ce. Ƙanjamau ƙwayar cuta ce da ke shiga jiki daga waje ta karya garkuwar da a da take lafiya. Raunin garkuwa na gado kuwa da shi ake zuwa duniya. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko kwanciya, ko shayarwa, kuma babu wani abu da uwa ta ci ko ta aikata lokacin goyon ciki da ya jawo shi.

Wace ce cutar Bruton?

Ita za mu fi tsayawa a kai, domin ita ce misali mafi bayyana. A 1952 wani likitan yara na sojan Amurka, Ogden Bruton, da ke aiki a asibitin Walter Reed na birnin Washington, ya wallafa labarin wani yaro ɗan shekara 8 da ƙwayoyin cuta suka yi ta shiga jininsa a kai a kai. Da aka auna jinin, sai aka tarar sashen da antibodi ke zama fayau yake. Bruton ya riƙa yi masa allurar antibodin da aka tace daga jinin wasu mutane duk wata, cututtukan suka ja da baya. Sai a 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke da matsalar, aka sa mata suna BTK. Idan ba ta aiki, ƙwayoyin B ba sa nuna a cikin ɓargo, don haka jiki ba ya iya ƙera antibodi. A takardun asibiti za ku ga an rubuta cutar da haruffa uku, XLA.

Kusan maza kaɗai take kamawa, kuma ana ƙiyasta ana samun ɗaya a cikin haihuwa kusan 200,000. Jaririn yakan fara rayuwa lafiya lau, saboda antibodin uwa da ya tsallaka masa ta mabiyiya kafin haihuwa yana kare shi. Wannan guzuri yakan ƙare wajen wata shida zuwa tara, daga nan ciwon kunne da na hanci da nimoniya su fara jerin gwano. Wata alama da likita mai lura zai gani da ido: idan ya leƙa bakin yaron, tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro, wato tonsil, ƙanana ne ƙwarai ko babu su, kuma duk yawan ciwonsa da wuya kaluluwa ta fito masa.

Me ya haɗa garkuwa da gaɓoɓi?

Gaɓa, kamar gwiwa ko idon sawu, wuri ne da ƙasusuwa biyu suka haɗu. An lulluɓe kawunansu da guringuntsi, an kewaye su da wata siririyar fata mai fitar da ruwa kaɗan domin motsi ya yi sauƙi. Wannan fata tana da jijiyoyin jini da yawa, shi ya sa abin da ke yawo a jini kan sauka a can.

Raunin garkuwa kan taɓa gaɓa ta hanyoyi uku. Hanya ta farko ita ce ƙwayar cuta ta shiga gaɓar kai tsaye. Ƙwayoyin da ke kawo nimoniya da ciwon kunne, idan babu antibodin da zai tare su, suna bin jini su sauka a gwiwa ko ƙugu. Gaɓar ta yi zafi rau, ta kumbura, ta tara mugunya, yaro ya ƙi yarda ko taɓa ta a yi, sau da yawa da zazzaɓi. Wannan ba abin da za a bari sai gobe ba ne. Mugunya na iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki, kuma guringuntsin da ya lalace ba ya dawowa yadda yake.

Akwai kuma wasu ƙwayoyin cuta da suka fi wahalar kamawa, ana kiransu maikofulasma da yuriyafulasma. A jikin mai cikakkiyar garkuwa sukan tsaya a hanyar numfashi ko mafitsara, ba su cika isa gaɓa ba. A jikin marar antibodi kuwa suna isa, su zauna, su yi ta ɓarna a hankali tsawon watanni. Matsalarsu biyu ce. Ba sa tsirowa a gwajin da ɗakunan gwaji suka saba yi, sai sakamako ya fito cewa babu ƙwayar cuta alhali tana nan. Sannan ba su da ɓawon da fenisilin da danginsa, irin su amoksisilin, ke fasawa, don haka waɗannan magunguna ba sa yi musu komai. Sai an yi amfani da wasu daban, irin su doksisaikilin ko azitiromaisin, gwargwadon shekarun majiyyaci da abin da likita ya gani. Yaron da ya sha kwas bayan kwas na maganin ƙwayoyin cuta gwiwa ba ta saɓe ba, ya kamata a tuna da waɗannan.

Hanya ta biyu ta fi ɗaure kai. Gaɓa ta kumbura, a zuƙi ruwan a bincika da kyau, ba a ga ƙwayar cuta ba. Yawanci manyan gaɓoɓi ne, ɗaya ko biyu, kuma zafin bai kai na mai mugunya ba. A cikin masu cutar Bruton da yawa irin wannan kumburi kan lafa da zarar an fara ba su antibodi yadda ya kamata.

Hanya ta uku ita ce garkuwar ta juyo ta far wa jikin mai ita. Za ku ce, ta yaya abin da aka ce yana da rauni zai samu ƙarfin yaƙar gaɓa? Ku ɗauki mai gadin da idonsa ya yi rauni. Ɓarawo zai wuce shi cikin dare, kuma shi ɗin ne zai iya kai wa ɗan gida duka don bai gane shi ba. Garkuwa na da aiki biyu, gane baƙo da kuma gane na gida, kuma kuskuren gado kan taɓa duka biyun. Sakamakon shi ne ciwon gaɓoɓi mai daɗewa, wanda gaɓoɓi ke sandarewa da safe su ɗan saki idan rana ta ɗaga, wani lokaci har da ƙananan gaɓoɓin yatsu na hannu biyu.

Masu cutar Bruton na da wata barazana da ta shafi tsoka. Wani dangin ƙwayoyin bairos da ke shiga ta hanji na iya zaunawa a jikinsu ya kumbura tsoka da fata, ƙafafu su yi tauri, tashi daga zaune ya gagara, wani lokaci ya taɓa ƙwaƙwalwa. Tun da aka fara ba da isasshen antibodi ta jijiya, an rage ganin wannan sosai.

Yara maza kaɗai abin ya shafa?

A'a. Akwai wata lalurar ƙarancin antibodi da ake rubutawa CVID, wadda ke kama maza da mata, kuma sau da yawa ba a gano ta sai mutum yana tsakanin shekara 20 da 40. Ana ƙiyasta mutum ɗaya a cikin kusan 25,000 na da ita. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu ita garkuwarsu kan juyo musu, galibi ta farfasa ƙwayoyin jini, wasu kuma ta kama gaɓoɓi. Akan samu matar da ta yi shekaru ana ba ta maganin amosanin gaɓoɓi, tana kuma fama da tari da ciwon hanci da ba sa ƙarewa, ba wanda ya haɗa biyun.

Ƙarancin wani nau'in antibodi guda, mai suna IgA, shi ya fi kowanne yawa. Akasarin masu shi ba su ma san suna da shi ba, amma an fi samun ciwon gaɓoɓi na yara da cutar lufus a cikinsu fiye da sauran jama'a. Lufus cuta ce da garkuwa ke kai wa fata da gaɓoɓi da ƙoda hari. Alaƙarta da gado ta fi fitowa fili a wajen waɗanda aka haifa babu wani sinadarin jini da ake kira C1q, wanda ke taimakawa wajen kwashe matattun ƙwayoyin jiki: kusan tara cikin goma na masu wannan rashi suna kamuwa da lufus, sau da yawa tun suna ƙanana. Sai cutar Wiskott-Aldrich, ita ma ta yara maza, mai haɗa ƙaiƙayin fata da yawan zubar jini da yawan kamuwa da cuta, wadda kumburin gaɓa da na jijiyoyin jini kan biyo ta.

Ta yaya za ku bambanta shi da sikila ko sanyin ƙashi?

A ƙasar Hausa, idan yaro na kukan ƙashi, sikila ce ke fara zuwa zuciya, kuma da gaskiyar mutane, domin ta fi wannan lalura yawa nesa ba kusa ba. Tarin fuka ma na kama ƙugu da gwiwa da ƙashin baya. Akwai kuma zazzaɓin gaɓoɓi da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro, mai tsalle daga wannan gaɓa zuwa waccan, wanda ke iya taɓa zuciya. Daidai ne likita ya fara da waɗannan, da gwajin ƙanjamau. Abin da nake so ku riƙe shi ne, idan duk sun fito babu, kada a tsaya a nan.

Ita gaɓar ba za ta gaya muku ba. Tarihin yaron ne zai gaya muku. Gidauniyar Jeffrey Modell, wadda wasu iyaye a Amurka suka kafa a 1987 bayan ɗansu ya rasu da irin wannan lalura yana da shekara 15, ta fitar da alamomi goma na gargaɗi. Daga ciki akwai ciwon kunne sau huɗu ko fiye a shekara ɗaya, nimoniya sau biyu ko fiye a shekara ɗaya, shan maganin ƙwayoyin cuta wata biyu ba tare da sauƙin kirki ba, ciwon da ba ya jin magani sai an yi ta jijiya, maruru masu zurfi da ke ta dawowa, jariri ya kasa ƙiba ko girma, da kuma samun mai irin wannan a dangi. Idan biyu ko fiye sun haɗu a jikin mutum ɗaya, ga kuma gaɓa a kumbure, ku faɗa wa likita duka a zama ɗaya. Ku tafi da katunan asibiti na baya da kwalayen magungunan da aka sha. Likitan ƙashi da aka nuna wa gwiwa kawai, gwiwa zai duba.

Wane gwaji ake yi?

Na farko shi ne zuƙar ruwan gaɓar. Ana wanke wurin, a kashe zafin fatar, a soka allura ta gefen ƙoƙon gwiwa a ja ruwan cikin sirinji. Ruwan lafiyayyiyar gaɓa kaɗan ne, garai-garai, mai ɗan yauƙi. Idan ya fito da yawa kuma a gurɓace, fari-fari ko ruwan ɗorawa mai kauri, akwai alamar mugunya. Iyaye kan ji tsoron wannan allura, wasu na cewa in an taɓa zuƙa sai ruwan ya riƙa dawowa. Ba zuƙar ke dawo da shi ba, ciwon da ba a magance ba ne. Idan ana zargin raunin garkuwa, a nemi a duba maikofulasma da gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar gadon cutar maimakon jiran ta tsiro.

Na biyu shi ne auna yawan antibodi a jini, wato IgG da IgA da IgM, da ƙirga ƙwayoyin B. A cutar Bruton ƙwayoyin B ba sa kai kashi 2 cikin 100 na danginsu. Waɗannan gwaje-gwaje sai manyan asibitocin koyarwa ko manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Amma akwai wata dabara mai araha: a gwajin aikin hanta da aka saba yi, ana rubuta jimillar furotin na jini da kuma albumin. Idan aka cire na biyu daga na farko, abin da ya rage ya ƙunshi antibodi. In ya yi ƙasa ƙwarai a jikin yaron da ke yawan ciwo, ya isa dalilin tura shi gaba.

Akwai tarko guda. Gwaje-gwajen da ake yi don gano amosanin gaɓoɓi da lufus, yawancinsu antibodi suke nema a jini. Wanda jikinsa ba ya ƙera antibodi, gwajin zai iya nuna babu komai ko da yana da ciwon. Bayan an fara yi masa ƙarin antibodin wasu kuma, gwajin na iya nuna abin da ba nasa ba ne. Saboda haka ake so a ɗebi jinin gwaji kafin ƙarin farko.

Yaya ake magani?

Ginshiƙin maganin masu ƙarancin antibodi shi ne a mayar musu da abin da suka rasa. Ana tace imunogulobulin daga ruwan jinin dubban masu ba da jini, a ba majiyyaci ta jijiya kamar ƙarin ruwa, duk mako uku ko huɗu. Zaman kan ɗauki awa biyu zuwa huɗu, ana farawa a hankali ana ƙara gudu. Wasu kan ji ciwon kai ko sanyi ko ciwon jiki, musamman a karon farko, yawanci ya wuce in an rage gudun. Akwai kuma nau'in da ake yi ƙarƙashin fata duk mako, wanda a wasu ƙasashe iyaye ke yi a gida. Ba ya warkar da cutar, domin antibodin aro yana ƙarewa. Abu ne na tsawon rai. Amma yaron da aka fara wa da wuri na iya zuwa makaranta, ya girma, ya yi sana'a, ya yi aure.

Gaɓar da ta tara mugunya sai an fitar da mugunyar, da allura ko da tiyata, a haɗa da maganin ƙwayoyin cuta na makonni. Da zarar zafi ya lafa sai a fara motsa gaɓar a ƙarƙashin kulawar masu gashin ƙashi, don kada ta sandare a lanƙwashe.

Inda garkuwa ce ke yaƙar gaɓa, aikin ya fi laushi. Magungunan da ke kwantar da irin wannan kumburi, kamar firedinisolon da metotireset, danne garkuwa suke yi, ga ta kuma dama da rauni. Ana amfani da su, amma sai an tabbatar babu ƙwayar cuta a gaɓar, kuma likitan gaɓoɓi da likitan garkuwa suna magana da juna. A nan ne nake roƙonku da babbar murya: kada ku sayi firedinisolon ko deksa ko haɗin maganin ciwon jiki a kemis ku ba irin wannan majiyyaci. Kumburin zai saɓe kwana biyu, ku yi murna, ƙwayar cutar kuwa ta samu fili. Haka nan sakiya da tsaga da ƙaho a kan gaɓar, ƙofa ce ake buɗe wa cuta a jikin da ba shi da abin tare ta. Ɗori kuma na karaya ne, a nan babu ƙashin da ya karye.

Nawa ake kashewa?

Da tsada, babu amfanin ɓoyewa. Ana lissafin maganin da nauyin jiki, kimanin giram 0.4 zuwa 0.6 ga kowane kilo a duk zagaye. Yaro mai kilo 20 na buƙatar giram 8 zuwa 12 kusan duk wata, babba mai kilo 60 kuma ninki uku na haka. Da giram ake sayar da shi, daga waje ake shigo da shi, kuma wasu nau'o'insa sai an ajiye a firji, don haka farashinsa na bin canjin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin magungunan da ta ce wajibi ne ƙasashe su tanada, amma a ƙasashenmu nauyin ya fi faɗawa kan iyali. Inda bai samu a kai a kai ba, likitoci kan ɗora majiyyaci a kan maganin ƙwayoyin cuta na kariya, su kuma ce a kawo shi asibiti da zarar zazzaɓi ya fara. Wannan bai kai ƙarin antibodi ba, amma ya fi zama haka nan, kuma sanin sunan cutar kaɗai na canja yadda za a karɓi yaron duk ranar da ya zo da ciwo.

Sauran 'ya'yana fa?

A cutar Bruton, uwa ce kan ɗauki ƙwayar gadon ba tare da ta yi ciwo ba. Duk ɗa namiji da ta haifa, zai iya gada ko ya tsira, rabi da rabi. Duk 'ya mace kuma rabi da rabi ne ta zama mai ɗauke da ita. Namiji mai cutar ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. Shi ya sa likita zai tambayi uwa game da 'yan'uwanta maza da kawunnanta: akwai waɗanda suka rasu suna ƙanana da ciwon ƙirji ko sanƙarau? Wani lokaci kuma kuskuren a jikin yaron ya fara, babu kowa a dangi. Ko ta wace hanya ya zo, ba laifin uwa ba ne, kuma bai kamata ya zama abin gori a gidan miji ba. Wasu nau'o'in, kamar rashin C1q, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, abin da ya sa aka fi ganinsu inda auren zumunci ya yawaita. Idan an gano cutar a jikin ɗa ɗaya, a auna ƙannensa tun suna jarirai, kafin ciwo ya fara.

Batun rigakafi fa?

Yaron da likita ya tabbatar ba shi da antibodi ba a ɗiga masa maganin shan inna na baki, domin ƙwayar da ke ciki rayayya ce da aka raunana, kuma jikinsa ba zai iya kawar da ita ba. Yaran da ke gida ɗaya da shi ma an fi so a yi musu na allura, wanda ƙwayarsa matacciya ce, kuma yana cikin rigakafin yau da kullum a Najeriya tun 2015. Wannan hukunci na wannan gida ne kawai, bisa takardar likita. Sauran yaran unguwa su karɓi rigakafinsu cikakke, domin yaron da ba shi da garkuwar kansa da tasu yake fakewa daga ƙyanda da shan inna da sanƙarau. Ku nemi likitan ya rubuta muku sunan cutar da rigakafin da aka hana a kati, ku riƙa nuna wa masu rigakafi da duk ma'aikacin lafiyar da zai duba shi.